Shin ana iya yin siminti da ƙarfe ba tare da hayaƙin kabon ba?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na fannin kimiyyar sinadarai a nan Sakkwato, gidanmu kuma yana Arkilla, inda kullum nake ganin tireloli suna fitowa daga Kalambaina ɗauke da siminti. Ina yawan jin cewa Turawa sun samo hanyar kama hayaƙin masana'antu su binne shi a ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma suna yin ƙarfe da haidirojin maimakon kwal. Shin waɗannan abubuwa gaskiya ne, ko talla ce kawai? Wanne ne kuma zai iya aiki a wurinmu, tunda ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka biyu ce a haɗe: ta farko ko waɗannan fasahohi sun fita daga takarda sun shiga masana'anta, ta biyu kuma wacce daga cikinsu ta dace da gari irin namu, wanda Allah ya hore wa dutse da yumɓu da rana amma yake nesa da teku, nesa da bututun gas, wutarsa kuma ba abin dogaro ba ce. Amsar ta farko ita ce gaskiya ne, suna nan suna aiki, zan kuma gaya maka inda suke. Amsar ta biyu ita ce waɗanda aka fi yayatawa ba su ne za su fara amfanar mu ba. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwaji da kuma gefen tanderu a masana'antar siminti, saboda haka a kan siminti zan fi daɗewa, ƙarfe da taki kuwa zan taɓa su gwargwadon abin da ya shafi tambayarka.

Inda kabon ɗin yake fitowa

Abu na farko da ya kamata ka raba a zuciyarka shi ne ƙura daban, iskar kabon daban. Ƙurar da ake gani tana sauka a kan ganye da rufin kwano ana iya tare ta da matatai na yadi ko na lantarki, kuma an daɗe da sanin yadda ake yin haka. Iskar kabon kuwa ba ta da launi, ba ta da wari, tana iya fita tan dubbai a rana daga bututun da ido zai gan shi tsaf kamar ba a aiki. Ita ce ake magana a kai idan an ce masana'antu suna ɗumama duniya.

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, to a masana'antar siminti dafa dutse shi ne aikin kowace rana. Ana fasa dutsen farar ƙasa, irin wanda ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina a 1962 har ya fara aiki a 1967, a niƙe shi da 'yar laka da ƙasa mai ƙarfe, a tura garin cikin doguwar tanderu mai juyawa. Idan zafi ya kai wajen digiri 900, dutsen yakan rabu biyu, kuma a matsayinka na ɗalibin sinadarai ka san lissafin: kowane kilo 100 na tsantsar dutsen yana barin kilo 56 na farar ƙasa ƙonanna, kilo 44 kuma ya tashi sama a matsayin iskar kabon. Daga nan sai a ci gaba da gasawa har digiri 1,450, inda garin zai dunƙule ya zama 'yan ƙwallaye masu duhu da ake kira kilinka, waɗanda ake niƙawa da jifsom, wani farin ma'adini mai hana siminti saurin daskarewa, su zama simintin da ke cikin buhu.

A nan ƙullin yake. Kusan kashi 60 cikin 100 na kabon da masana'antar siminti ke fitarwa daga cikin dutsen kansa yake fitowa, sauran kashi 40 ɗin ne na man da ake ƙonawa. Ko da za ka kunna tanderun da wutar sola zalla, fiye da rabin matsalar yana nan daram. Kowane tan na kilinka yana tafe da kusan kilo 800 zuwa 900 na kabon, buhun siminti mai kilo 50 kuma yana ɗauke da alhakin kilo 30 zuwa 40, ya danganta da yawan kilinkar da ke cikinsa. Idan aka haɗa duniya gaba ɗaya, siminti yana ba da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon da ɗan Adam ke saki, ƙarfe ma kusan haka.

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda ɗan Najeriya a matsakaici bai fitar da ko tan ɗaya a shekara ba, alhali ɗan Amurka yana fitar da fiye da tan 10. Maganar tana da ƙarfi, ni ma ban yarda a ce mu daina gina gidaje da gadoji da makarantu don wasu sun riga sun cika sama da hayaƙi ba. Sai dai tanderun da aka kafa yau zai yi shekara 40 ko fiye yana aiki, Najeriya kuma ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa za ta kai matakin daidaita fitar kabon, wato abin da take fitarwa kada ya wuce abin da take cirewa daga iska, nan da 2060, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a 2021 ɗin. Ƙari a kan haka, mafi yawan hanyoyin rage kabon a siminti hanyoyi ne na rage kashe kuɗin mai, kuma mai ne ke cin kaso mafi tsoka a farashin buhu.

Rage kilinka da gasasshen yumɓu

Tunda kilinka ce tushen matsalar, hanya mafi sauƙi ita ce a rage ta a cikin buhu ba tare da an rage ƙarfin siminti ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Simintin da ake sayarwa a kasuwanninmu yawancinsa an riga an gauraya shi da ɗanyen garin dutsen farar ƙasa, ƙa'ida kuma ta yarda a sa daga kashi 6 har zuwa 35 cikin 100 bisa ga ajinsa. Amma garin dutse kusan ciko ne kawai, idan ya yi yawa ƙarfi yakan faɗi. A Turai da Sin da Indiya suna amfani da tokar tashoshin wutar kwal da kuma kashin ƙarfe na manyan tanderun narka tama, abubuwan da mu ba mu da su da yawa.

Sabon abin da ya fito shi ne simintin da ake kira LC3, wanda masu bincike na jami'ar fasaha ta Lozan a Suwizalan, ƙarƙashin Farfesa Karen Scrivener, suka haɓaka tare da abokan aikinsu na Kyuba da Indiya. Haɗinsa kashi 50 kilinka ne, kashi 30 gasasshen yumɓu, kashi 15 ɗanyen dutsen farar ƙasa, kashi 5 jifsom. Yumɓun ana gasa shi ne a digiri 700 zuwa 850, abin da ke fita daga jikinsa kuma ruwa ne, ba kabon ba. Idan aka kwaɓa simintin, alminiyon da ke cikin gasasshen yumɓu yakan haɗu da garin dutsen su samar da sababbin ƙwayoyi masu toshe ƙananan ramukan kankare, shi ya sa dutsen ya tashi daga zama ciko ya koma mai aiki. Da wannan haɗi ana rage kabon har kusan kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da simintin da kusan dukkansa kilinka ne. Ba ya buƙatar farin yumɓu mai tsada irin wanda masu fenti da tangaran ke nema; matuƙar kawolin, wato farin ma'adinin yumɓu, da ke cikinsa ya kai wajen kashi 40 cikin 100, ya wadatar. An fara yin sa a matakin kasuwa a Kolombiya a 2020, akwai masana'antunsa a Kwaddibuwa da Kamaru, a 2025 kuma aka buɗe wata babba a Tema ta ƙasar Gana. Ka lura cewa waɗannan ƙasashen Afirka da suka rigaye mu su ne waɗanda ba su da isasshen dutsen farar ƙasa, suna sayo kilinka da dala, don haka matsin aljihu ne ya tura su.

Na taɓa gwada wannan da hannuna. Na ɗebo yumɓu daga wurare daban-daban, ciki har da irin wanda mata masu ginin tukwane ke amfani da shi, na shanya, na daka, na sa kowanne a ƙaramar tanderun gwaji a digiri 800 na tsawon awa guda. Wani ya shiga yana toka-toka ya fito jawur kamar jan bulo, wani ya fito da ɗan launin hoda. Na gauraya kowanne da kilinka da dutse, na zuba a ma'aunan gwaji, na ajiye cikin ruwa, sannan na riƙa murƙushe su a inji a rana ta 2 da ta 7 da ta 28. A rana ta 2 duk sun kasa simintin da muka saba da shi. Zuwa rana ta 28 waɗanda yumɓunsu ke da kawolin sosai sun kamo shi, waɗanda kuwa yumɓunsu irin mai kumbura ne idan ya sha ruwa, mai tsagewa da rani, sun tsaya a baya. Abin da na koya shi ne ido ba ya gane yumɓun da ya dace, sai gwaji.

Ƙasarmu tana da abin gwadawa. A duwatsun yankin Gwandu akwai shimfiɗun yumɓu mai kawolin, Ƙanƙara ta jihar Katsina ta yi suna da farin yumɓu, jifsom kuma ana tono shi a wajen Dange. Matsalolin da nake hange guda uku ne, kuma ba ƙanana ba ne. Launi shi ne na farko, domin birkila da mai buga bulo sun saba auna ingancin siminti da duhunsa, idan suka buɗe buhu suka ga ja-ja za su ce an yi musu algus da ƙasa. Ana iya gyara launin ta hanyar hana iska shiga lokacin da yumɓun ke hucewa, amma wannan ƙarin kuɗi ne. Na biyu, gasasshen yumɓu yana shan ruwa fiye da kilinka, a zafin watan Afrilu na Sakkwato kuma, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, kwaɓi yana saurin daskarewa a kan baro, sai lebura ya ƙara ruwa, ƙarin ruwa kuwa shi ne babban mai kashe ƙarfin kankare. Na uku, mai bulo yana son ya buga yau ya sayar jibi, simintin da ƙarfinsa ke zuwa a hankali kuma bai dace da wannan gaggawa ba sai an daidaita niƙansa da adadin jifsom. Akwai kuma batun ƙa'ida: Turai ta fitar da ma'aunin da ya halatta siminti mai kilinka kashi 50 zuwa 64 a 2021, kuma duk ƙasar da ke son irin wannan siminti a kasuwarta dole hukumar ingancin kayanta ta buɗe masa ƙofa.

Abin da ake ƙonawa

Kashi 40 na kabon da ya rage bayan na dutse, na mai ne. Kwal ya fi kowanne fitar da kabon, baƙin mai na biye da shi, gas kuma yana fitar da kusan rabin na kwal a kan zafi iri ɗaya. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, bai biyo ta Sakkwato ba, saboda haka duk gas ɗin da za a ƙona a nan sai an sanyaya shi ya zama ruwa an ɗauko a mota daga kudu, motar kuma ita ma tana shan dizal.

Abin da muke da shi kusa shi ne ɓuntun shinkafa. Duk wanda ya bi ta bayan injinan casar shinkafa a Sakkwato ko Argungu ko Birnin Kebbi ya ga tsibinsa, wani lokaci yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki. Ɓuntu yana kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba, kabon ɗin da ke cikinsa kuma shuka ce ta zuƙo shi daga iska a daminar da ta wuce, tokarsa ma kusan duk silika ce, irin sinadarin da ke cikin yashi, wadda kilinka ke buƙata. Tanderun siminti yana cinye tsofaffin tayoyi da busasshen shara saboda tsananin zafinsa, har a Jamus irin waɗannan suna ba da kusan kashi 70 cikin 100 na zafin da masana'antun siminti ke amfani da shi. Wahalar ɓuntu ita ce rashin nauyi: ka cika tirela fal amma zafin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba, don haka idan nisa ya yi yawa kuɗin dako ya cinye ribar, sai an matse shi ya zama dunƙule tun a bakin injin. Karan gero da na dawa kuwa ban goyi bayan a taɓa su ba, domin abincin dabbobi ne, da su ake danni da zana, ragowarsu kuma ita ce ke rufe gona daga zaizayar iska.

Akwai kuma zafin da ke fita a banza daga bakin tanderu da wurin sanyaya kilinka. Idan aka tara shi aka tafasa ruwa aka juya injin, yana iya samar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lantarkin da masana'antar ke ci, kuma mafi yawan manyan masana'antun siminti na Sin sun daɗe da yin haka. A wurin da ruwa ke da tsada kamar namu akwai nau'in da ake sanyaya shi da iska. Sola kuma ta dace da injinan niƙa da fankoki, tunda rana ba ta yi mana rowa ba. Game da gasa kilinka da rana kai tsaye, an gwada a Sifen a 2022 da madubai masu tattara haske, an kuma samu kilinka, amma a ƙaramin gwaji ne, tanderu kuwa dare da rana yake juyawa, ba ya jiran gari ya waye.

Kama hayaƙi a binne

Wannan da ka ji gaskiya ne. A watan Yunin 2025 aka buɗe irinsa na farko a babbar masana'antar siminti, a garin Brevik na ƙasar Norwe, mallakar kamfanin Heidelberg Materials. Ana bi da hayaƙin ta cikin wani ruwan sinadari mai riƙe kabon, a dafa ruwan ya sake shi, a matse iskar ta zama ruwa, a ɗora a jirgin ruwa zuwa gaɓar yammacin ƙasar, daga can a tura ta bututu zuwa cikin duwatsu masu zurfin mita 2,600 a ƙarƙashin teku. An tsara shi ya kama tan 400,000 a shekara, wato kusan rabin abin da masana'antar ke fitarwa, dalilin tsayawa a rabi kuma shi ne iyakar abin da zafin banza na tanderun zai iya dafawa ke nan. Norwe ta fara binne kabon a ƙarƙashin teku tun 1996, gwamnatinta ce kuma ta ɗauki kaso mafi girma na kuɗin wannan aiki.

Kwatanta da namu. Layi ɗaya mai yin tan miliyan 3 na siminti a shekara zai fitar da abin da ya kusa tan miliyan 2 na kabon. Wuraren da aka fi sanin cikinsu a Najeriya, tsofaffin rijiyoyin mai da gas, suna yankin Neja Dalta, fiye da kilomita 1,000 daga nan, kuma kafin a binne wani abu a ƙarƙashin Sakkwato sai an yi shekaru ana bincike a tabbatar ba zai taɓa ruwan da rijiyoyin burtsatsenmu ke sha ba. Duk wannan kuɗi a kan buhu zai sauka. A ganina wannan fasaha za a buƙace ta a ƙarshe, domin kabon ɗin cikin dutse ba shi da wata mafita idan an gama rage kilinka, amma wanda ya fara da ita a nan ya bar jaki yana dukan taiki.

Ƙarfe da takin zamani

A tsohuwar hanya ana amfani da kwal a cire iskar oksijin daga tama, kowane tan na ƙarfe kuma yana fitar da kusan tan 2 na kabon. Idan aka sa haidirojin a madadin kwal, abin da ke fita tururin ruwa ne. Wani haɗin gwiwar kamfanoni mai suna HYBRIT a Suwidin ya yi haka, ya kuma miƙa wa kamfanin Volvo ƙarfen farko a 2021. Sai dai kowane kilo na haidirojin da aka raba daga ruwa yana cin lantarki kilowat 50 zuwa 55 na awa, masana'anta mai yin tan miliyan 1 a shekara kuma za ta buƙaci kusan megawat 400 ba yankewa, alhali abin da layin wutar ƙasa ke rabawa Najeriya duka yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Ko a Jamus, kamfanin ArcelorMittal ya janye daga irin wannan shiri a 2025 duk da tallafin da gwamnati ta ware masa, saboda tsadar wuta.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yawancin rodin da ake yi a Najeriya daga tsofaffin ƙarafa ake narka shi da lantarki, irin waɗanda 'yan jari bola ke tarawa a loda a tirela zuwa kudu, wannan kuwa yana cikin hanyoyi mafi ƙarancin kabon. Masana'antar Aladja ta jihar Delta, wadda aka buɗe a 1982, da gas aka tsara ta cire oksijin daga tama, irin wannan tanderu kuma shi ne ake iya juyawa zuwa haidirojin sannu a hankali. Takin yuriya ma haidirojin ne tushensa, wanda masana'antun Lekki da Eleme ke cirowa daga gas. Tun watan Janairun 2026 Tarayyar Turai ta fara ɗora kuɗin kabon a kan siminti da ƙarfe da taki da alminiyon da ake shigar mata da su, don haka masu fitar da taki za su riga masu siminti jin wannan matsi.

Tunda kana ajin ƙarshe, ga aikin da zan so in ga ɗalibi irinka ya yi. Ka ɗebo yumɓu daga wurare huɗu ko biyar, ka rubuta ainihin wurin da zurfin da ka tono kowanne. Ka busar da shi a digiri 200, ka auna, ka gasa a digiri 400 ka auna, sannan a digiri 600 ka sake aunawa. Nauyin da ya ɓace tsakanin 400 da 600 ruwan jikin kawolin ne, tsantsar kawolin kuma yana rasa kusan kashi 14 cikin 100 na nauyinsa, saboda haka idan samfurinka ya rasa wajen kashi 6 ka san ya haye kashi 40 na kawolin da ake nema. Wanda ya haye sai ka gasa shi a digiri 800, ka gauraya da siminti, ka roƙi sashen injiniyan gine-gine su ba ka injin murƙushewa. Ka ajiye rabin samfuran a cikin ruwa kamar yadda littafi ya ce, rabin kuma ka bar su a fili kana yayyafa musu ruwa safe da yamma kamar yadda masu bulo ke yi, ka rubuta sakamakon kowanne daban.